Matsalar Ɗakin Haya a Sabon Garin Minna: Bayani Ga Jama'a

Duk magidancin da ya taɓa fita neman ɗakin haya a unguwar Sabon Gari ta birnin Minna ya san aiki ne na makonni, wani lokaci ma na watanni. Zai bi dillalai gida gida, in ya yi sa'a ya samu, a ce masa sai ya kawo kuɗin shekara guda a dunƙule, ga kuma la'ada a kai. Wanda yake cikin ɗaki tun da daɗewa, shi ma hankalinsa ba a kwance yake ba, domin bai san ranar da mai gida zai aiko masa da labarin ƙari ko takardar tashi ba. An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'a inda matsalar ta samo asali, da abin da gwamnatoci suka yi a kanta tun daga shekarun 1970, da dalilin da ya sa ba ta kau ba, da kuma hanyoyin da doka ta buɗe wa mai ƙaramin ƙarfi. Sabon Garin Minna misali ne kawai aka ɗauka. Mutumin Kano ko Gusau ko Bauci, idan ya karanta, zai ga kamannin unguwarsu a ciki.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, gine-gine ba su yi ƙaranci a Minna ba. Wanda ya zaga bayan gari zai ga manyan gidaje a kulle ba kowa ciki, wasu kuma an kai su linta an bar wa ciyawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗakin da ɗan ƙaramin ma'aikaci ko mai ƙaramar sana'a zai iya biya daga abin da yake samu, a wurin da ba shi da nisa da inda yake neman abincinsa.

Asalin Unguwar da Yadda Ta Cika

Minna ƙasar Gbagyi ce, watau mutanen da Hausawa ke kira Gwarawa. Jirgin ƙasa ne ya mai da ita babban gari. A 1911 aka buɗe hanyar jirgi daga Baro, a bakin Kwara, zuwa Kano, ta bi ta Minna. A 1915 kuma hanyar da ta taso daga Legas ta Jebba ta zo ta haɗu da ita a nan. Da wurin ya zama mahaɗa, sai ya zama matattarar doya da gyaɗa da auduga da kaɗanya. Ma'aikatan reluwe da fatake da masu sana'a suka yi ta sauka, Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo da sauransu. Kamar yadda aka yi a Kano da Zariya, unguwar baƙi ita ce ta sami sunan Sabon Gari. Sunan ya zauna, amma a yau tana cikin tsofaffin unguwannin tsakiyar gari, kuma mazaɓa ce guda a Ƙaramar Hukumar Chanchaga. Gidajenta an yi su ne daidai da bukatar ɗan ƙaramin garin reluwe: mai gida da iyalinsa a ciki, da 'yan ɗakuna a jere domin baƙi.

Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammed ya ƙara yawan jihohin Nijeriya daga 12 zuwa 19. Aka yanko Jihar Neja daga Jihar Arewa maso Yamma, aka ba Minna matsayin babban birni. Ma'aikatan da ke Sakkwato suka kwaso iyalansu suka taho. Gwamnati ta yi ƙoƙarin sama wa manyan ma'aikata gidaje, amma masinja da direba da ƙaramin akawu da lebura, da duk masu sana'ar da suka biyo sawunsu, tsofaffin unguwanni ne suka karɓe su, irin su Sabon Gari da Limawa da Kwangila da Makera. A cikin watan nan dai aka yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a Abuja, wadda wani yanki na ƙasarta daga Jihar Neja aka ɗebe shi. A 1983 aka buɗe Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna, ɗalibai da malamai suka shigo neman masauki. A ranar 12 ga Disamba, 1991 Gwamnatin Tarayya ta ƙaura zuwa Abuja, tsadar hayar can ta sa wasu ma'aikata suka ajiye iyalansu a Suleja da Minna. A 1999 kuma aka kafa Hukumar Jarrabawa ta NECO, da hedkwatarta a Minna. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 200,000 a Ƙaramar Hukumar Chanchaga, da kusan 150,000 a ta Bosso da ke kewaye da ita. Tun daga wannan shekara ba a sake yin ƙidaya a ƙasar nan ba, amma ko makaho ya shiga kasuwa ya san garin ya ƙaru ƙwarai.

Akwai kuma wani dalili mai ban tausayi. Hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Shiroro da Munya da Rafi da Mariga sun kori manoma da yawa daga ƙauyukansu. A watan Afrilu na 2021 dubban 'yan gudun hijira suka cika makarantar firamare ta IBB a cikin Minna. Wanda ya bar sansani bai koma gida ba, wurin ɗan'uwa yake raɓawa, ko ya nemi ɗaki mafi araha, watau irin ɗakin da talakan gari shi ma yake nema.

Lissafin Kuɗin Haya

Shirin Raya Ƙasa na Uku, na 1975 zuwa 1980, ya ɗauki manufar cewa kada kuɗin haya ya ci fiye da kashi 20 cikin 100 na abin da ma'aikacin birni ke samu. A ƙasashe da yawa ana amfani da kashi 30 ne a matsayin iyaka. Yana da kyau mai karatu ya auna wannan da kansa. A watan Yuli na 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 a wata, watau Naira 840,000 a shekara. Kashi 20 na wannan shi ne Naira 168,000 a shekara. Kashi 30 kuwa Naira 252,000. Duk abin da mutum ya biya sama da haka, daga bakin 'ya'yansa ya cire shi, ko daga kuɗin makarantarsu da na magani. Sa'an nan a tuna, mafi yawan mazauna Sabon Gari ba masu albashi ba ne. Tela da makaniki da mai tireda da ɗan acaba kullum suke samu, kullum suke kashewa, amma ana bukatar su kawo kuɗin wata 12 a rana ɗaya. Sau da yawa wannan dunƙulen shi ne ainihin abin da ke gagarar mutum, ko da jimlar kuɗin ba ta fi ƙarfinsa ba.

To, me ya sa haya take ta hauhawa? Abu ne mai sauƙi a ɗora laifin duka a kan masu gidaje, kuma lalle akwai marasa tausayi a cikinsu. Amma da yawa daga masu gidajen tsofaffin unguwanni tsofaffin ma'aikata ne, ko matan da mazansu suka rasu, ko marayu, waɗanda hayar nan ita ce fanshonsu. Su ma kasuwa ɗaya suke shiga da 'yan hayarsu. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 34 cikin 100. Kayan gini kuwa sun fi kome tashi. Tun da aka karya darajar Naira a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na 1986, farashin siminti da kwano da rodi ya riƙa bin canjin kuɗin waje. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin Naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan da ya biyo baya, buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, har sai da Gwamnatin Tarayya ta kira masu kamfanonin siminti zama. Dattawa za su tuna cewa siminti ya daɗe yana ba ƙasar nan wahala: a 1975 an yi odar tan miliyan 20 a lokaci guda, jiragen ruwa ɗaruruwa suka toshe tashar Legas wata da watanni.

Idan gina ɗaki ya yi tsada, mai kuɗi ba ya gina wa talaka. Yakan gina abin da zai mayar masa da kuɗinsa da wuri, watau shaguna, ko gidan sama na masu hali, ko ɗakunan ɗalibai a Bosso da Gidan Kwano. A Sabon Gari ma abin ya fi haka muni, domin ɗakunan da ake da su raguwa suke yi. Unguwa ce ta ciniki, saboda haka ɗakin da ke bakin titi ya fi kawo kuɗi idan an fasa masa ƙofa ta waje an mai da shi shago ko sito. Ga kuma sha'anin gado. Gidan da mutum ɗaya ya gina a zamanin reluwe, yau magada 15 ko 20 ke da shi, babu mai son ya sa kuɗinsa a gyara, har ginin ya lalace. Daga ƙarshe a sayar a raba kuɗi, wanda ya saya ya rushe ya yi jerin shaguna, iyalai 8 ko 10 su shiga neman wurin zama a wata guda. Ba wanda ya karya doka a cikin wannan, amma unguwa ta yi asarar ɗakuna.

An taɓa gwada ƙayyade kuɗin haya da ƙarfin doka. Bayan kwamitin haya na 1976, jihohi sun kafa kotunan haya sun yanka farashi. Abin bai yi tasiri ba, domin inda masu nema suka fi ɗakuna yawa, ɗan haya da kansa yake biyan ƙari a ɓoye don kada a ba wani.

Abin da Cunkoso Ke Haifarwa

Wanda ya dage sai ya zauna a tsakiyar gari, yakan haƙura da ɗaki guda shi da matarsa da 'ya'ya, a gidan da mutum 30 ko 40 ke bin layin banɗaki ɗaya. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa kwana cikin cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana yaɗa sanƙarau lokacin zafi, da tarin fuka, kamar yadda ƙarancin masai da tsabtataccen ruwa ke kawo kwalara da damina. Ta fuskar tarbiyya ma, addini da al'ada sun yi umurni a raba wa yara makwanci idan sun tasa, abin da ba ya yiwuwa a ɗaki guda.

Wanda ya kasa haƙura yakan fita gefen gari, Kpakungu ko Barikin Sale ko Sauka-ka-huta ko Maitumbi ko Chanchaga, wasu har Maikunkele. Can ɗaki ya fi sauƙi, amma abin da aka rage a haya yakan tafi a kuɗin keke da acaba, da sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Mafi haɗari shi ne masu sayen fili mai araha a bakin rafi ko kan hanyar ruwa. Ambaliyar da ta auka wa garin Mokwa a Jihar Neja ranar 29 ga Mayu, 2025, wadda ta hallaka mutum fiye da 150 ta share gidaje masu yawa, ta isa gargaɗi. Ruwa ba ya manta hanyarsa, ko da ya yi shekara 20 bai bi ta ba.

Ƙoƙarin Gwamnatoci

A 1973 aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya. Shirin Raya Ƙasa na Uku ya yi niyyar gina gidaje 202,000 a duk faɗin ƙasa, amma abin da aka kammala bai kai kashi 15 cikin 100 ba. A 1977 aka mai da tsohon kamfanin ba da rancen gini da aka kafa tun 1956 ya zama Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ta sa gidaje a sahun gaba na manufofinta, ta shirya gina 2,000 kowace shekara a kowace jiha. Shi ma wannan shiri bai cim ma ko sulusin abin da aka nufa ba. Dalilan sanannu ne, kuma ya kamata a faɗe su. An gina da yawa can cikin daji, nesa da kasuwa da wurin aiki, babu ruwa babu hanya, a wasu jihohin saboda gardamar siyasa a kan bayar da fili. An yi amfani da fasali guda daga bakin teku har bakin hamada, ba a kula da cewa magidancin Arewa yana bukatar zaure da tsakar gida ba. Wasu 'yan kwangila kuma suka karɓi kuɗi suka gudu. Duk da haka ba a ce aikin banza aka yi ba. Unguwannin da har yau ake kira Lokos a Bosso da Tunga suna tuna wa mutanen Minna zamanin da gwamnati ke gina gidaje masu sauƙin kuɗi da hannunta.

A 1991 aka fito da Manufar Gidaje ta Ƙasa, da burin kowa ya sami muhalli kafin shekarar 2000. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda za a yi bayaninsa a gaba. Gwamnatin Jihar Neja, a zamanin Dokta Mu'azu Babangida Aliyu, daga 2007 zuwa 2015, ta haɗa hannu da 'yan kasuwa aka yi rukunin gidaje na M. I. Wushishi da na Talba a gefen Minna. Daga 2016 Gwamnatin Tarayya ta sake gina gidaje a jihohi, har da Neja, a 2024 kuma ta ƙaddamar da wani sabon shiri daga Karsana a Abuja.

Sai dai a dubi farashi. Lokacin da aka sa gidajen shirin 2016 a kasuwa a 2021, mafi araha, mai ɗakin kwana ɗaya, ya ɗan haura Naira miliyan 7. Mafi ƙarancin albashi a lokacin Naira 30,000 ne a wata. Ke nan ɗan ƙaramin ma'aikaci zai yi shekara 20 yana tara albashinsa duka, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa kuɗin. Irin waɗannan gidaje suna da amfani ga matsakaitan ma'aikata, kuma duk wanda ya koma cikinsu ya bar wa wani ɗaki a cikin gari. Amma shekara 50 na gwaji sun nuna cewa babu gwamnatin da za ta iya gina wa kowa gida. Kusan dukkan gidajen da jama'ar Minna ke kwana a ciki, mutane ne suka gina su da kansu, bana a yi harsashi, baɗi a kai linta, a rufa ɗaki ɗaya a shiga, sauran su biyo baya. Taimakon da ya fi isa ga talaka shi ne wanda ke sauƙaƙa masa wannan hanya da ya riga ya sani: fili mai takarda a wurin da aka kai hanya da ruwa, da rance mai dogon wa'adi, da kayan gini masu rangwame. Tun 1986 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin yanka fulotai da kai musu hanya da magudanar ruwa kafin a raba, kuma wannan dabara ce da ta cancanci jihohi da ƙananan hukumomi su ba ta ƙarfi fiye da yadda aka ba ta.

Fili da Takardarsa

Dokar Amfani da Ƙasa ta ranar 29 ga Maris, 1978, wadda tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da ita, ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana domin jama'a. A cikin birni Gwamna ne ke ba da izinin mallaka. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izini irin na gargajiya. Wanda ke da izinin Gwamna ba ya sayar da filin ko ya jinginar da shi sai da yardar Gwamna. Ga mutanen Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 kusan haka ta tanada.

Abin da ke faruwa a gefen Minna shi ne, mutum ya sayi fili wurin iyalin da suka gaji gona, a rubuta 'yar takarda a gaban mai unguwa da shaidu, shi ke nan. Wannan takarda tana da amfani a matsayin shaidar ciniki, amma ba ita ce takardar shaidar mallaka ta gwamnati ba, wadda jama'a ke kira satifiket. Banki ba ya karɓarta jingina. Idan aikin hanya ya biyo ta wurin, mai ita yakan sha wahala wajen neman diyya. Kuma ita ce ƙofar da macuta ke bi su sayar da fili ɗaya ga mutum 3. Gaskiya ne neman satifiket yana da jinkiri da kashe kuɗi, kuma wajibi ne hukumomin filaye su rage wannan wahala, domin tsadar takarda ita ma tsadar gida ce. Amma kafin mutum ya biya ko kwabo, ya je ofishin filaye na jiha, inda hukumar NIGIS ke riƙe da rajista da taswira, ya bincika ko filin na wani ne, ko gwamnati ta keɓe shi domin hanya ko makaranta ko wayar lantarki. Ya sa safiyo mai lasisi ya auna. Kafin ya haƙa harsashi kuma, ya kai taswirar gininsa Hukumar Raya Birane ta jiha a amince da ita. Ginin da aka yi ba izini, doka ta ba hukuma ikon rushe shi.

Asusun Gidaje na Ƙasa

Ma'aikata da yawa suna ganin ana cire musu wani abu kowane wata da sunan gidaje, ba su san amfaninsa ba. Dokar 1992 ta ce a riƙa cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi a zuba a Asusun, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi. Ga mai Naira 70,000, wannan Naira 1,750 ne a wata. Bayan gyaran doka na 2023, ma'aikatan gwamnati ne abin ya zama tilas a kansu, na kamfanoni kuwa sai in sun so. Mai sana'ar kansa shi ma yana iya yin rajista. Wanda ya yi wata 6 yana zubi ya cancanci neman rance ta hannun bankin lamunin gidaje mai lasisi, a kan ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, ya biya cikin wa'adin da zai iya kai shekara 30. Wanda bai ci rance ba, kuɗinsa na nan, ana mayar masa idan ya cika shekara 60 ko ya yi ritaya.

Ga bambancin a fili. Rancen Naira miliyan 1 a kan kashi 6 na shekara 30, biyansa kimanin Naira 6,000 ne a wata. A ce kuwa bankin kasuwa ne ya ba da shi a kan kashi 25 na shekara 10, biyan zai kusa Naira 23,000 a wata. Da yake ba a yarda biyan bashi ya wuce sulusin albashi ba, mai Naira 70,000 zai iya ɗaukar abin da bai kai miliyan 4 ba. Wannan ba zai sayi gida a rukunin gidaje ba, amma ga wanda ya riga ya mallaki fili mai takarda, zai taimaka ƙwarai wajen tayar da ciki da falo. A nan ne mai karatu zai ga yadda maganar takarda da ta rance suke ɗaure da juna. Bankin yana da tsarin rancen gyaran gida, da na ƙungiyoyin gama-kai, da kuma wanda mutum zai shiga gida yana biyan haya har ya zama nasa. Waɗanda ke ƙyamar kuɗin ruwa saboda addini su nemi bayani a kan wannan na ƙarshe, da kuma wurin bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, waɗanda suka fara aiki a Nijeriya tun 2012.

Ga masu sana'ar hannu, hanyar da ta fi kusa ita ce gama-kai. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar teloli ko makanikai ko 'yan kasuwa, idan ta yi rajista da ofishin gama-kai na jiha, tana iya sayen babban fili ta nemi takarda guda ta yanka wa 'ya'yanta, ta sayi siminti da kwano a sari. Adashi ne dai da kowa ya sani, aka sa masa rajista da littafin lissafi. Haka nan bai kamata a raina jar ƙasar da Allah ya wadata yankin Minna da ita ba. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe da ƙera injin matse tubalin ƙasa da ake gauraya da siminti kaɗan. Ɗakin da aka yi da shi ya fi na bulo sanyi, kuma yana da ƙarko muddin an yi masa harsashi mai kyau da rufi mai fitowa waje. Abin da ya hana shi yaɗuwa har da ganin da ake yi cewa ginin ƙasa na matalauta ne, alhali tsofaffin fadoji da masallatan Arewa da ƙasa aka gina su.

Haƙƙin Ɗan Haya da na Mai Gida

Kafin duk wannan ya tabbata, mafi yawan mutanen Sabon Gari za su ci gaba da zaman haya, saboda haka wajibi ne kowane ɓangare ya san iyakarsa. A rubuta yarjejeniya, ko da a takarda guda ce, a faɗi kuɗi da wa'adi, da wanda gyaran rufi da kwashe masai da kuɗin wuta ke kansa, shaidu su sa hannu. Ɗan haya ya karɓi rasit duk lokacin da ya biya, kuma kada ya miƙa wa dillali kuɗin shekara sai ya ga mai gidan ko wakilinsa na gaskiya. Mai gidan da ya yarda a riƙa biyansa wata wata ko bayan wata 3, musamman ga wanda ya daɗe tare da shi, ya sauƙaƙa wa ɗan'uwansa, shi ma kuma ya rage wa kansa rigimar bashi.

Inda yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, ƙa'idar da kotuna ke bi a mafi yawan jihohi ita ce: mai biyan mako ana ba shi sanarwar mako guda, mai biyan wata sanarwar wata guda, mai biyan wata 3 sanarwar wata 3, mai biyan shekara kuwa sanarwar wata 6. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi wata takardar ta kwana 7 cewa za a kai magana kotu. Kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da mutum. Mai gidan da ya cire ƙofa ko kwano, ko ya watsar da kayan ɗan haya waje, ya karya doka, kuma ana iya sa shi ya biya diyya. Ɗan haya shi ma ba shi da ikon ƙin biya, ko saka wani a ɗakin ba da izini ba, ko lalata gini. Yawancin saɓani yana ƙarewa a zauren mai unguwa idan an kai shi da wuri. Wanda maganarsa ta kai kotu kuma ba shi da halin ɗaukar lauya, yana iya neman shawara a ofishin Hukumar Taimakon Shari'a ta Ƙasa da ke babban birnin jiharsa, ya tafi da yarjejeniyarsa da dukkan rasit ɗinsa.